Mazarƙwailar Maƙarfi

Da zarar hunturu ya kama, rake ke cika kasuwar Maƙarfi a ƙasar Zazzau. Dami-dami ake jingine shi, manyan motoci na lodi zuwa Kano da wasu garuruwa. Amma mai neman abin da ya fi daraja a kasuwar sai ya ratsa 'yan rake ya isa wajen masu mazarƙwaila, inda ƙudan zuma ke shawagi a kan faifai da buhu.

A bakin gona ake yin ta. A da doki ke juya injin matsa, yanzu an koma ga mai amfani da mai. Ruwan raken sai a zuba a babban kasko, a hura wuta da busasshiyar tuƙar raken da aka matse, ana kwashe kumfa ana juyawa har ya yi kauri, sannan a zuzzuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Shi ya sa kowane curi ke zuwa kasuwa da siffar kwanon da ya haife shi.

Cinikinta da ido da harshe ake yi. Wadda ta yi ja mai haske ita ce ta dahu daidai. Wadda ta yi baƙi ƙirin wuta ta ci ta, za ka ji ɗaci. Mai saye kan ɓantara ya ɗanɗana, yana lura ko haƙori zai ci karo da yashi.

"Malam, wannan ba ta kwana ba ce?"

"Haba Hajiya, ta yau ce, taɓa ki ji."

Masu kunu da fura sun daɗe da saninta. Yanzu kuma ga matan da ke gashi a gida. Akwai wani biskit mai laushi da ake yi a Amurka da baƙin maɗin rake, wanda masana'antar sukari ke tacewa kafin sukari ya yi fari. A mazarƙwaila ba a cire wannan maɗin ba, yana nan cikinta. Don yin irin wannan biskit, sai uwargida ta narka ta da ɗan ruwa, ta tace, ta kwaɓa da fulawa, bota, ƙwai da bekin soda, ta barbaɗa garin citta, kanumfari da kirfa. Maɗin yana riƙe danshi, don haka biskit ɗin ba ya ƙandarewa, muddin an sauke shi tsakiyarsa na da sauran taushi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake barin ta a buɗe, ƙura na sauka a kai. Wahalar da mai dafa ta ya sha a gaban wuta ta cancanci a rufe ta da kyau, ta shiga kantunan birni kusa da farin sukari.