Shanyewar ɓarin jiki: Matsalar gani da ake yawan mantawa da ita wajen jinya

Idan aka sallamo magidanci daga Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse bayan ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, aka dawo da shi gida Kiyawa, hankalin iyali yakan tafi ne kan hannu da ƙafa da harshe. Ba kasafai ake tambayar yadda yake gani ba. Alhali wani bincike da aka yi a Ingila, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo suna tashi da sabuwar matsalar gani.

Sau da yawa idon kansa lafiyarsa ƙalau. Ido hoto kawai yake ɗauka, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi, a can wajen ƙeya. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da duk abin da ke hagun mutum, na hagu kuma abin da ke damansa. Don haka idan jini ya toshe ko jijiya ta fashe a ɓangare ɗaya, rabin abin da ke gaban mutum sai ya ɓace, kuma a idanun duka biyu. Shi ya sa tabarau na kasuwa ba ya maganin komai a nan.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan rikitarwa, wadda ta fi zuwa idan ɓangaren dama ne ya taɓu. Majinyacin bai ma san akwai wani abu a hagunsa ba. Za a ajiye masa tuwo ya cinye rabin kwano ya ce ya gama, ko ya ƙi amsa wa mai gaishe shi daga hagu, ko kafaɗarsa ta riƙa bugun ƙyauren ɗaki. A gidaje da dama akan ɗauki wannan a matsayin rikicin tsufa ko taurin kai, har a yi fushi da shi, wanda kuwa zalunci ne da aka yi bisa rashin sani. Wasu kuma abu ɗaya suke gani biyu.

Karatu ma yana tona asirin matsalar. Wanda ya rasa ganin dama yakan sha wuya da rubutun boko, domin ido ba ya hango kalmar da ke tafe. Wanda ya rasa na hagu kuwa ya fi jin jiki a karatun Alƙur'ani ko ajami, tunda daga dama ake farawa a nufi hagu.

Duk wannan yana shafar gashin ƙashi kai-tsaye. Mutumin da ba ya ganin rabin tsakar gida zai ji tsoron takawa, kuma yana iya faɗuwa ya karye, sai a ce ƙafar ce ta ƙi warkewa. Yawancin sauƙin da gani ke samu da kansa yana zuwa ne cikin watanni ukun farko. Abin da bai dawo ba, akan koya wa majinyaci ya cike giɓinsa ta hanyar juya kai da idanu da gangan zuwa ɓangaren da ya ɓace. Mai gani biyu akan rufe masa ido ɗaya na ɗan lokaci, ko a sa masa gilashi na musamman. A gida, a rage tarkace a hanya, a kuma ja jan layi a gefen takarda don ya san inda sadara ta fara.

Batun tuƙi ne mafi haɗari. Ɗan kasuwar da ya ji ƙarfi ya hau babur zuwa kasuwar Shuwarin, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ba zai ga tirelar da ta ɓullo ta ɓangaren da ya rasa ba. Kafin ya koma kan babur ko mota, a nemi likita ya auna faɗin ganinsa, ba karanta haruffan allo kaɗai ba. Idan babu na'urar a kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.