Raunin kai: Abin da ke kashe wanda ya miƙe da ƙafarsa bayan haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma kashi 92 cikin 100 na mace-macen suna aukuwa ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A ɗakunan ba da agajin gaggawa na arewacin Najeriya, wanda aka fi kawowa da fasasshen kai saurayi ne da ya faɗo daga babur babu hular kwano.

Hukumar ta ce sanya hular yadda ya kamata na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Najeriya ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, sai wasu ƴan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a kai don rufe bakin jami'an kiyaye haɗurra. An yi dariya, dokar kuma ta shiririce.

Sai dai buguwar farko ba ita kaɗai ke kisa ba. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne. Idan jijiya ta fashe a ciki, jinin ba shi da mafita, sai ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. A wani nau'in wannan zubar jini, mutum kan suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana daidai, har ƴan uwa su ce Allah ya taƙaita su kai shi gida. Bayan sa'o'i sai ciwon kai mai tsanani, amai, barcin da ba a iya tashinsa. Tiyatar cire jinin kan ceci rai idan an yi ta da wuri, kuma a nan ne talauci ke shiga maganar.

Galibi ba motar asibiti ke ɗaukar wanda ya ji rauni ba. Jama'ar wurin ne ke cusa shi cikin adaidaita sahu, wuya na lilo, alhali ƙashin wuyan ma kan iya karyewa tare da kan. Asibitin farko sau da yawa ba shi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa sun taru ne a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Sakkwato, nesa da ƙauyen da abin ya faru. Kafin dangi su haɗa kuɗin hoto da na mota, lokaci ya ƙure.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, har ya tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Amma iyalai da yawa har yau takardar biyan kuɗi ake fara miƙa musu kafin a ɗauki hoton kan ɗansu.