Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba



A ce muna tsaye a Kwanar Dangora muna jiran motar Tudun Wada. Ga wani dattijo a gabanmu, ya taho daga Kiru ko Bebeji za shi ɗaurin aure, amma babbar rigarsa ta yage ta baya, shi kuwa bai sani ba. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai, yara suna ƙunshe dariya. Me ya kamata mu yi?

Yawancinmu mukan yi shiru, mu ce kunya ce ta hana mu. Amma mu duba da kyau: kunyar nan kanmu take karewa. Shi dattijon zai shiga taro haka, mutum ɗari su gani maimakon mutum goma. Wanda ya gani ya yi shiru, da hannunsa cikin abin da zai biyo baya.

A Farawa sura 9 mun karanta yadda Ham ya ga tsiraicin mahaifinsa Nuhu, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka rufe shi. Dukansu sun san abin da ya faru. Ɗaya ya baza, biyu suka suturta. Aikin Shem da Yafet shi ne namu.

To, yaya ake faɗa?

Na fari, mu tambayi kanmu ko abin yana gyaruwa nan take. Goro a haƙori, fura a gemu, mazagi a waje, zane da ya ɓaci: waɗannan sai a faɗa. Amma tabo, ko ƙiba, ko rigar da ta tsufa, mai su ya riga mu sani. Faɗarsu cin fuska ne.

Na biyu, mu fara da gaisuwa, mu matso kusa, mu sassauta murya. "Baba, sannu da hanya. Don Allah a ɗan duba riga ta baya." Shi ke nan. Ba nuni da yatsa, ba dariya, ba dogon bayani.

Na uku, idan abin ya shafi jikin mace, namiji ya nemi wata mace ta faɗa mata, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita kuma ta tsaya a bayanta, ko ta ara mata gyale.

Na huɗu, maganar ta mutu a wurin. Idan muka hau mota muka ratsa dajin Falgore har Doguwa muna ba da labarin, mun tona abin da muka rufe.

Haka nan a majami'a ranar Lahadi. Baƙon da aka yi wa dariya a ƙofa da wuya ya sāke dawowa. Kada kuma mu tsaya tambayar addinin mutum ko garinsu kafin mu rufa masa asiri.

Ran da aka faɗa mana namu, mu ce mun gode, kada mu ɓata rai. Ba wanda yake ganin ƙeyarsa.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai da ka rufa mana asiri, ka ba mu zuciya da harshen rufa wa waɗansu. Amin.