Hunturu da Yaɓen Farar Ƙasa a Bangon Karan Shinkafa

Idan aka buge shinkafa a Agyaragu da ƙauyukan da ke bakin hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, karan yakan zama na dabbobi, ragowar kuma a cinna masa wuta. A wasu ƙasashe da irin wannan kara ake ta da bango. Inji ke matse shi ya ɗaure shi dami-dami masu kusurwa huɗu, a jera su kamar bulo, a yaɓe ciki da waje. Manoman Nebraska ta Amurka ne suka soma a ƙarshen ƙarni na 19 saboda ƙarancin itace, kuma cocin da aka gina haka a garin Arthur a 1928 yana nan tsaye. Duk ƙarkon irin wannan gini yana ga yaɓensa, kuma yaɓen da ya fi dacewa da shi na farar ƙasa ne, wato wadda aka samo daga ƙona dutse irin na Gboko da Ashaka a zafin da ya kai digiri 900, aka jiƙa ta da ruwa.

Maginan Turai suna gargaɗin kada a yi wannan yaɓe idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 5, kuma suna da hujja. Farar ƙasa takan taurare ne sannu a hankali, tana zuƙar iskar kabon daga sarari har ta koma dutse, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da ɗan damshi a jikinta. In ruwan ya daskare ya zama ƙanƙara sai ya kumbura, yaɓen ya ɓarɓashe. To amma wanda ya kwaso wannan gargaɗi ya kawo Nasarawa ya ce a dakata sai sanyi ya wuce, ya yi kuskure, domin ruwa ba ya daskarewa a Lafiya ko a tsakiyar Janairu. Abin tsoro a nan busasshiyar iskar hunturu ce, wadda kan tsotse ruwan yaɓe cikin yini guda. Sai a wayi gari bango ya yi fari fes, mai gida yana murna, alhali in ka shafa tafin hannu gari ne zai biyo ka, ga tsagewa ko'ina. Ya bushe, bai nuna ba.

Maganin ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. A kwaɓa kashi ɗaya na farar ƙasa da kamar kashi uku na yashi mai kaushi, a zuba gashi don ya riƙe, yadda maginan Kano ke sa gashin majema a cikin laso tare da katsi da dafara. A yi aikin da yamma, a cusa shafi na farko cikin karan sosai, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gabansa, a riƙa yayyafa ruwa safe da maraice. Kada a ɗora shafi na biyu sai babban yatsa ya kasa lotsa na farko amma farce na iya kartarsa. Lebura kuma ya sa safar hannu ya kare ido, don farar ƙasa tana cin fata.

Wani zai ce wannan wahala ce, ga siminti a kowane shago. Gaskiya ne siminti ya fi sauri, sai dai yana kulle damshi a cikin bango, kuma kara in ya daɗe da jiƙa fiye da kashi 20 cikin ɗari ruɓewa yake, a ɓoye, har sai bango ya zauna. Farar ƙasa kuwa tana barin tururi ya fita. Wani kuma zai ce a jira damina, lokacin da iska ke da laima. Amma a lokacin karan kansa a jiƙe yake, kuma ruwan Agusta zai wanke ɗanyen yaɓe; a rani ne ake samun busasshen kara. Ƙorafin da ya fi nauyi a ganina shi ne gara da rashin injin ɗaurin, kuma yaɓe ba ya maganin ko ɗaya. Gara dai sai a ɗaga harsashi da dutse ko bulo sama da ƙasa, a tsawaita bakin rufi, a riƙa duba gindin bango. Inji kuwa ya fi ƙarfin manomi ɗaya, sai dai ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta saya.