Me Ya Sa Musulunci Ya Haramta Naman Alade? Bayani Ga 'Yan Uwa Mazauna Kudu



Duk Bahaushen da ya yi 'yan watanni a Kudu, da wuya a ce ba a taɓa jefa masa tambayar nan ba: wai ku me ya sa ba kwa cin alade? Wani lokaci abokin kasuwa ne zai tambaya, wani lokaci fasinjan da ka ɗauko a babur, wani lokaci kuma ɗanka ne da aka haifa a Agege, an tambaye shi a makaranta ya rasa ta cewa. Mu da muka taso a Jama'are da Azare, da yawanmu har muka yi gemu ba mu ga alade ido da ido ba. Kasuwar dabbobinmu shanu ne da tumaki da awaki da raƙuma. Ita kanta kalmar alade daga Yarbanci muka aro ta. Tsofaffinmu gursunu suke cewa, na daji kuma gadu ko mugun dawa. To abin da ba ka taso da shi ba, ba lallai ka tanadi amsarsa ba.

Amsar da yawancinmu ke bayarwa ita ce, ƙazami ne, yana sa cuta. Akwai gaskiya a ciki, amma idan a nan ka tsaya, mai wayo zai kayar da kai cikin minti biyu. Zai ce nasa a gona mai tsabta aka yi kiwonsa, likitan dabbobi ya duba, an dafa ya dahu, to yanzu za ka ci? Ka ga ka shiga uku. Shi ya sa ya kamata mu san tushen maganar.

Tushen haramcin

Musulmi ya bar naman alade ne saboda Allah ya hana shi. Hanin ya zo ƙarara a wurare huɗu a Alƙur'ani: Suratul Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. A duk wuraren an jera shi tare da mushe da jini da abin da aka yanka da sunan wanin Allah. A An'am ne aka faɗi dalili a taƙaice, aka kira shi ƙazanta.

Ku lura da wani abu. An'am da Nahli a Makka suka sauka, Baƙara da Ma'ida kuma a Madina. Kenan tun farkon Musulunci hukuncin yake, har ƙarshe bai canja ba. Giya mataki-mataki aka bi kafin a haramta ta gaba ɗaya, shi kuwa alade babu wannan. Shi ya sa duk mazhabobi, da tamu ta Malikiyya da sauran, babu wanda ya halatta cinsa. Malamai sun ce kalmar nama a ayoyin ta haɗa da kitse da kayan ciki. Yanka ma ba ya gyara shi. Ko liman ne ya kwantar da shi ya kalli gabas ya yi bisimilla, mushe ne. Na gida da na daji kuma hukuncinsu ɗaya, don haka mafarauta su sani gadu yana ciki.

Cinikinsa ma haka ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa a shekarar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya sanar da haramcin sayar da giya da mushe da alade da gumaka. Wannan ya shafe mu 'yan kasuwa kai tsaye, zan dawo kansa.

Sassauci guda ɗaya ne ayoyin suka yi, ga wanda larura ta kama. Wato mutumin da yunwa za ta kashe, babu wani abinci, ya ci gwargwadon abin da zai tsira. Tsadar naman sa a kasuwa ba ta cikin larurar da ake nufi.

To maganar cuta fa?

Gaskiya ne alade na ɗauke da cututtuka masu kama mutum. Babba a cikinsu tsila ce ta alade. Wanda ya ci naman da bai dahu ba, tsilar na girma a hanjinsa, ƙwayayenta na fita ta bayan gida. Idan ƙwayayen suka shiga cikin wani ta abinci ko ruwa, suna iya zuwa har ƙwaƙwalwa su kawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da mutane ke zama da aladu masu yawo, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya daga nan suka samo ta. A Malesiya kuma, tsakanin 1998 da 1999, cutar Nipah ta tsallako daga aladu ta kashe mutum sama da 100, har aka hallaka aladu kimanin miliyan ɗaya.

Amma fa mu yi adalci. Ni ɗan falken shanu ne, gidanmu da su muka tashi, kuma duk wanda ya san kara ya san saniya ma tana da nata. Akwai tarin fuka, akwai bakkale, akwai ciwon saifa, duk suna kama mutum. A watan Yulin 2023 gwamnati ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja. Saniya ma tana da tsilarta. Duk da haka ba a haramta naman sa ba, an dai ce kada a ci mushe, kuma hankali ya ce kada a ci marar lafiya. Kenan da cuta kaɗai ce dalili, da alade mai lafiya ya halatta, da saniya kuma ta shiga matsala. Kariyar lafiya hikima ce da muke gani a cikin hukuncin, muna godiya da ita. Hukuncin kansa umarni ne, kamar yadda Magariba take raka'a uku ba tare da an nemi likita ya sa hannu ba.

Akwai darasi ɗaya a maganar tsilar nan da ya shafe mu. Ciwon ƙwaƙwalwar ba sai ka ci alade yake kama ka ba, tunda ta hannu marar tsabta da ruwa da ganye yake yawo. A 1992 likitoci a Amurka sun ba da rahoton samunsa a gidajen wasu Yahudawan New York da ba su taɓa cin alade ba. Don haka mu da ke zaune a unguwannin cunkoso, gidan haya mai banɗaki ɗaya, wanke hannu da sabulu da wanke latas da kabeji ba wasa ba ne.

Ba mu kaɗai ba ne

Idan maƙwabcinka Kirista ya tambaye ka, za ka iya tuna masa cewa hanin yana cikin Attaura, a Littafin Firistoci sura ta 11. Yahudawa har gobe ba sa ci. Kiristocin Habasha na cocin gargajiya ba sa ci, haka 'yan Adventist masu ibada ranar Asabar, haka 'yan cocin Celestial masu fararen kaya da muke gani kullum a Legas. Yawancin Kiristoci sun fahimci cewa wannan doka ba ta hau kansu ba, wannan kuma addininsu ne. Amfanin sanin haka shi ne a gane ba wata baƙuwar al'ada ce Hausawa suka ƙirƙiro ba.

Abubuwan da ake yaɗawa ba su da tushe

Na ɗaya, wai wanda ya ci alade ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Hadisan kwana arba'in a kan mashayin giya da mai zuwa wurin boka suka zo. Wanda ya ci bai sani ba, babu zunubi a kansa, ya kuskure baki ya wanke hannu ya ci gaba da ibadarsa. Wanda ya ci da gangan ya yi saɓo babba, ya tuba.

Na biyu, wai taɓa alade na karya alwala. Ba ya karyawa. A mazhabar Malikiyya duk dabba mai rai tana da tsarki, har kare da alade. Idan ya goge ka a lungu, tufarka ba ta zama najasa ba sai in ya shafa maka ƙazanta. Namansa da jininsa da romonsa su ne najasa, kuma ruwa mai tsarki ya isa ya wanke. Wanki bakwai da ƙasa maganar Shafi'iyya ce. Littafin Risala da muke karantawa a zaure ma, bayan ya haramta komai na alade, ya kawo rangwame a kan amfani da gashinsa.

Na uku, jerin sunayen kayan kanti da ake turawa a WhatsApp wai duk da alade a ciki. A yi hattara. A 2014 an yi irin wannan hayaniya a Malesiya kan cakulan Cadbury, daga baya hukumar addinin ƙasar ta sake gwaji ta ce babu komai. Ɓata kayan mutane ba hujja shi ma laifi ne.

Yadda za ka kiyaye a Kudu

Ka san sunansa a bakin mutanen gari. Yarbawa na cewa elede, Ibo na cewa ezi. A jikin kwali ko takardar abincin otal, kalmomin pork, bacon, ham da lard duk shi ne, na ƙarshen kitsensa ne. Tsiran Turawa na kanti kuma sai ka karanta abin da aka haɗa shi da shi. Jelatin da ake sawa a wasu alewoyi da kwanson magani yana iya zama na saniya, na kifi ko na alade. Malaman zamani sun yi saɓani kan wanda aka sarrafa har ya canja kama. A alewa barin abin shakka ya fi, amma kada wani ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda jita-jita, ya tambayi likita da malami tukuna.

A gidan abinci, tsame naman daga miya ba ya gyara ta. In tukunya ɗaya ce, ko mai ɗaya aka soya, ko cokali ɗaya ke shiga nan da can, ka haƙura. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuma yawancin matan da ke sayar da abinci za su gaya maka gaskiya in ka yi ta cikin ladabi. Kwano da tukunyar wanda ba Musulmi ba kuwa, sahabi Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi (SAW) a kansu, aka ce masa in akwai wasu a yi amfani da su, in babu a wanke a ci a ciki. Kenan maƙwabciya ta ara miki tukunya, wanki ne maganinta.

Mahautanmu na Oko-Oba a Agege da sauran mayankan Kudu, amana tana hannunku. Musulmi na sayen nama da tsire a wurinku ido rufe saboda sunan Bahaushe. Wuƙa da gatari da katakon sara da firiza, in ana haɗawa da masu wancan nama a raba, in ya taɓa a wanke. Sarakunan fawa su sa ido a kan wannan, don ran da aka daina yarda da mai tsire Bahaushe, abincin dubban gidaje ne ya taɓu.

Direbobi kuma, kiwon alade babbar harka ce a ƙasar nan. Akwai gonar Oke-Aro a iyakar Legas da Ogun, akwai kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan da ake lodi zuwa Kudu. Za a iya yi maka tayin kaya da kuɗi mai tsoka. Mafi yawan malamai sun hana ɗaukar lada a kan dakonsa ko dafa shi, don taimako ne a kan abin da aka haramta. Wanda aikin otal ya haɗa shi da wannan, ya nemi a canja masa sashe, ya kuma nemi fatawa a kan halin da yake ciki.

Kada nama ya zama fitina

Mu 'yan jihar Bauchi mun san inda rigimar nama take kaiwa. Rikicin Tafawa Ɓalewa na watan Afrilun 1991 daga taƙaddamar nama da mahauta ya faro, ya bazu har cikin garin Bauchi, aka rasa rayuka masu yawa. 'Yan Badun kuma ba su manta da kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ba, inda ƙaramar cacar baki ta cinye shaguna da gidaje da rayuka. Haramcin alade a kanmu yake. Ba a ɗora mana hana maƙwabci kiwon abinsa a garinsu ba, balle toshe hanci da tofar da yawu a gaban mai sayarwa. In aladun wani na shigowa harabar masallaci ko wurin sana'a, a kai wa Sarkin Hausawa da shugabannin unguwa su zauna da mai su.

In an tambaye ka, amsar gajeriya ce: Ubangijina ya hana ni, na kuma yarda ya fi ni sanin abin da zai amfane ni. Ita za mu koya wa yaranmu da aka haifa a nan tun kafin su shiga makaranta, tare da sunayen naman da yarukan garin. Allah ya ciyar da mu halal, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.