Hutun iyali: Yadda ake zaɓen wasan wuta, daga filayen Disney zuwa ƙofar fadar Lafiya

Duk lokacin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar da sanarwar hutun Sallah, ko na Kirsimeti da sabuwar shekara, akwai tambayar da ke jiran ma'aikacin gwamnatin tarayya a gida: ina za a kai yara? Yaran yanzu sun riga sun ga wasan tartsatsin wuta na dogon benen Burj Khalifa da ke Dubai, da na filayen shaƙatawar Disney, a wayoyin iyayensu, kuma irinsa suke so su gani da idanunsu. Shi kuwa maigida kwana biyu ko uku ne a hannunsa, da albashin da ya riga ya san inda kowace Naira za ta tafi. Hadimin minista ko na ɗan majalisa ma ba ya iya nisa, domin a kowane lokaci ana iya nemansa.

A irin wannan hali, ba tsayin wuta a sama ko yawan launukanta ne ke nuna wasan da ya fi dacewa da iyali ba. Abin dubawa shi ne wanda ke harbawa, da nisan da ke tsakanin wutar da yaro, da yanayin iska, da kuma hanyar komawa gida. Idan aka auna da waɗannan, garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ya cancanci shiga lissafin mazauna Abuja, duk da cewa ba a san shi da manyan filayen lilo ba.

Abin da tikiti ke saye

Filin Disneyland da ke Kalifoniya a Amurka ya fara wasan wuta na dare tun 1958. A filin Magic Kingdom da ke Florida kuwa, wasan da ake kira Happily Ever After, wanda aka ƙaddamar a 2017, yana ɗaukar kimanin minti 18, ana haɗa shi da kiɗa da hotunan da ake haskawa a jikin gini. A 2004 kamfanin ya fara cilla wutar sama da matsattsiyar iska maimakon albarushi, domin rage hayaƙi da ƙara a ƙasa. Wannan ne ainihin abin da mai tikiti ke biya: ƙwararrun ma'aikata, da shinge tsakanin jama'a da wurin harbi, da lokacin da ba ya saɓawa.

Sai dai tikitin mutum ɗaya na yini guda a wannan fili ya haura Dala 100. A canjin da ya yi ta kai-kawo a kusa da Naira 1,500 kan kowace Dala a 2024 da 2025, wannan ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 fiye da sau biyu. Kuɗin neman bizar yawon buɗe ido ta Amurka Dala 185 ne ga kowane mutum, a samu ko a rasa, ba a zo batun jirgi da masauki ba. Ga iyali mai mutum biyar ko shida, magana ta ƙare tun kafin a fara ta. Hausawa sun ce iya kuɗinka iya shagalinka.

Abin da za a iya ɗaukowa daga can shi ne ma'aunin da suke aiki da shi. Da shi uba zai auna kowane wasa da aka tallata a otal-otal da wuraren shaƙatawa na Abuja, ko a garinsu.

Wa ke riƙe da ashana?

Wasan wuta sana'a ce ta haɗa sinadarai, wadda ta samo asali daga ƙasar Sin. Albarushi haɗi ne na gawayi da farar wuta da gishirin naitiret. Launuka kuma daga ma'adinai suke fitowa: sitirontiyam ke ba da ja, bariyam kore, tagulla shuɗi, sodiyam kuma rawaya. Abin da ke fitar da wannan kyau a sama shi ne ke rusa gini idan aka yi sakaci da shi a ƙasa. A ranar 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a yankin kasuwar Jankara da ke tsibirin Legas, ya kashe aƙalla mutum ɗaya, ya jikkata da dama, ya ƙona gine-ginen da ke kewaye. A watan Afrilun 2016, sama da mutum 100 suka mutu a wani bikin wasan wuta a jihar Kerala ta Indiya, bayan tartsatsi ya faɗa kan tarin kayan da ba a kai ga harbawa ba.

Saboda haka tambayar farko ga masu shirya taro ita ce ko suna da izinin 'yan sanda, kuma ko akwai motar kashe gobara a wurin. Rundunonin 'yan sanda na Abuja da jihohi da dama sukan haramta sayarwa da harba nokawut a ƙarshen shekara, domin ƙararsa na firgita jama'a, kuma ɓata-gari na fakewa da ita. Ma'aikacin gwamnati da aka kama ɗansa da irin wannan kaya ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfin hutun kwana biyu. Ko ɗan tsinken nan mai tartsatsi da ake miƙa wa ƙananan yara, zafinsa kan haura digiri 1,000.

Kunnen yaro da alƙiblar iska

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar fashewa da ke isa kunnen babba ta wuce desibel 140, ta yaro kuma kada ta wuce 120. Babbar wuta da ta fashe a kusa tana iya zarce duka biyun. Maganin abin shi ne nisa, domin duk lokacin da aka ninka tazara, ƙara na raguwa da kimanin desibel 6. Akwai hanya mai sauƙi ta gane nisan: sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda, don haka idan an ga walƙiyar kuma aka ji ƙarar a lokaci ɗaya, an matsa da yawa. Mai goyo da mai asma gara su tsaya can baya.

Iska ma tana da nata hukuncin. A watan Disamba da Janairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, saboda haka wanda ya tsaya ta wannan ɓangare na wurin harbi, iska na bayansa, hayaƙi da toka na tafiya gaba. Hazo kan dusashe launuka, busasshiyar ciyawa kuma ba ta buƙatar fiye da tartsatsi guda. Idan tsautsayi ya faɗa, a zuba wa ƙuna ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba, sannan a nufi asibiti. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Albarushin gida

Tun kafin a san wasan wuta na zamani a ƙasar nan, fadodin Arewa suna da nasu wasan albarushi. A hawan Sallah na Kano da Katsina da Zazzau, 'yan bindiga ne ke sanar da fitowar sarki da harbin bindigogin gargajiya, hayaƙi ya turnuƙe, sannan 'yan lifidi da dogarai da masu algaita da kakaki su biyo. A Kano ana jera kwanaki ana yi: hawan Idi, da hawan Daushe, da hawan Nassarawa, sai na Ɗorayi ko na Fanisau. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma rikicin sarautar Kano ya sa 'yan sanda suka dakatar da hawan a 2024 da 2025, abin da ya sa wasu masu sha'awar kallo suka fara duba wasu masarautun.

Lafiya na daga cikin mafi kusa da Abuja. Garin, wanda ake kira Lafiyar Barebari, Muhammadu Dunama ne ya kafa shi da jama'arsa 'yan asalin Borno a ƙarshen ƙarni na 18, ya kuma zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire Nasarawa daga Filato. Sarkin yanzu, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad na ɗaya, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, wanda ya hau karaga a 2019 bayan rasuwar Alhaji Isa Mustafa Agwai, da ya yi sama da shekara 40 yana sarauta. Hawan Sallar Lafiya bai kai na Kano yawan dawakai ba, amma ga mai ƙananan yara wannan ba aibi ba ne: da rana ake yi, ba a sayen tikiti, kuma yaro zai ga sarki da hakimansa, abin da ba zai samu a kowane filin lilo ba. Ƙa'idar nisa dai tana nan. Bindigar gargajiya ba ta san yaro ba, doki kuma kan zabura idan ya ji harbi, don haka gefen rumfa ya fi bakin hanya.

Hanyar komawa

Daga Abuja zuwa Lafiya tafiyar kimanin awa uku ce ta Keffi da Akwanga, idan an kuɓuta daga cunkoson Nyanya da Mararaba. An mayar da titin Keffi zuwa Makurɗi mai hannu biyu, kuma tun Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin hanya a shingaye huɗu: Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi. A lokacin da aka fara, ƙaramar mota Naira 500 take biya a kowane shinge, babbar jif kuma 800, ta kati ba tsabar kuɗi ba. Wanda ke da ƙarin kwana yana iya ratsewa daga Akwanga zuwa Wamba ya nuna wa yara ruwan Farin Ruwa da ke kwararowa daga kan dutse, wanda ya fi cika da damina, ko ya wuce Keana, garin da ya shahara da dafa gishiri.

A nan ne wasan rana ya fi na dare. Wasan sabuwar shekara sai ƙarfe 12 na dare yake farawa, ya bar iyali a kan titi cikin duhu tare da direbobin da suka gaji. Duk wanda ya zaɓi irinsa, ya tabbatar masaukinsa na kusa, ya ajiye mota inda zai fita ba tare da jiran kowa ba, ya kuma rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa a aljihun kowane yaro. Wanda ya zaɓi hawan Lafiya kuwa, ya tuntuɓi 'yan uwa ko abokan aiki da ke garin kan rana da lokacin fitowar sarki, ya kwana a can, ya kamo hanyar Abuja da sauran rana, domin washegari ofis na jiransa da ƙarfe 8.