Mansa Musa, Sarkin Mali

A zamanin da akwai wata babbar daula a Afirka ta Yamma, ana ce da ita Mali. Faɗinta ya kama tun daga bakin teku har ya kai garin Gawo a bakin kogin Kwara. Sarkinta ana ce masa Mansa, wato babban sarki. A cikin sarakunanta duka babu wanda ya shahara kamar Mansa Musa, wanda ya hau gadon sarauta wajen shekara ta 1312.

Arzikin Mali daga zinariya ya ke. Ana haƙo ta a Bambuk da Bure, can wajen kudu. Fatake kuwa su kan ƙetaro hamada da raƙuma, su kawo gishirin Tagaza, su koma da zinariya. Duk kayan da ya shigo ko ya fita, sai an biya wa Sarki kuɗin fito.

A shekara ta 1324 Mansa Musa ya yi niyyar aikin hajji. Ya tashi da ayari mai dubban mutane, da raƙuma niƙe da zinariya. Da ya isa Alƙahira, babban birnin Masar, sai ya shiga kyauta da sadaka da sayayya. Zinariya ta cika kasuwa. To, abin da ya yi yawa darajarsa ta kan ragu. Miskalin da a da a ke canjawa dirhami 25 sai ya koma 22. Wani masani mai suna Al-Umari ya je birnin bayan shekara 12, ya tarar darajar ba ta komo ba. Shi kansa Sarki guzurinsa ya ƙare, har ya ci bashi wurin attajiran Masar kafin ya kama hanyar gida.

Amma bai komo hannu wofi ba. Ya zo da littattafai da malamai, cikinsu har da As-Sahili, mutumin Andalus. A zamaninsa aka gina babban masallacin Jingarebar a Tumbuktu, wajen shekara ta 1327. Daga baya garin ya zama matattarar malamai da almajirai. Labarinsa ya kai har Turai. A wata taswira da aka zana a shekara ta 1375 an yi siffarsa zaune bisa karaga, riƙe da curin zinariya.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya fara sarauta a 1349, Wangarawa suka zo daga Mali suna koyar da addinin Musulunci.

Zinariyar da Mansa Musa ya rabar ta watse tuntuni, daular ma ta shuɗe. Amma masallacin nan na ƙasa yana nan tsaye a Tumbuktu, mutanen gari suna yi masa yaɓe, suna salla a cikinsa har yau.